Inda Ake Yanka Wa Kyanwa Kati

A mangazar mahaifinmu da ke Barwa, can gabas da Diffa kusa da tafkin Cadi, ba a taɓa rasa kyanwa ba. Wurin da aka jibge buhunan busasshen tattasai da gero da kwandunan banda, in babu mai gadi, ɓera kan huda buhu ya ɓata kaya tun kafin fatake su zo taya. Mai gadin nan kuwa ba a biyanta ko dala. Kan kifi ne ladanta, sai inuwa, sai gefen tabarmar Inna da daddare. Mu da Barebarci ngam muke ce mata, Hausawan kasuwar Diffa su ce mussa, mutanen Kano su ce mage ko kyanwa. A duk harsunan nan ban taɓa jin an haɗa sunanta da asibiti ba. In ta kwanta ciwo, ko dai ta tashi da kanta, ko a wayi gari a ga ba ta nan.

A 2015, lokacin da Boko Haram suka tashe mu daga garin, Inna ta bar tukwanenta da gadonta, ta sa wata jar kyanwa a kwando ta rufe da zane, muka taho Diffa da ita. Shekara biyu ta yi da mu a can ta mutu. Ban fahimci abin da ya kashe ta ba sai da na je Zariya.

Ɗiyar ƙanwata ce ta kai ni. Tana karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, tana aji shida, wato na ƙarshe, uwarta ta haɗa mini tsarabar tattasai da banda ta ce in je in gano mata ita. Hanyar da iyayenmu suka saba, a ƙetare kogi zuwa Damasak a wuce Maiduguri, ba kowa ke da zuciyar bin ta ba yanzu, saboda haka na bi doguwa: Maine, Gure, na kwana Damagaram, washegari Matamaye, iyakar Ɗan Barto, Daura, Kazaure, Kano. Tsakiyar hunturu ne, hazo ya lulluɓe ko'ina. Da muka bar Kano muka hau gadar Tamburawa, na leƙa ta taga na daɗe ina kallon ruwan, domin shi ne ke gangarawa Haɗejiya, ya haɗu da na Jama'are, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya iso mana da sunan Komadugu ya shayar da tattasanmu. Kwana biyu ina ƙara nisa da gida, sai ga ruwan gida ya tare ni a hanya.

Jami'ar tana Samaru. An buɗe ta a 1962, sashen likitancin dabbobi ya biyo baya a cikin shekarun 1960 ɗin da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, kuma a jikinsa akwai asibitin koyarwa mai ɓangaren manyan dabbobi, da na ƙanana, da na kaji. Niyyata in miƙa saƙo in juya. 'Yar tawa ta ce, "Kawu, zauna a benci ka ga aikinmu ko na awa ɗaya ne." Kwana uku na yi ina dawowa kan bencin nan.

Da safe layi yake, kamar kowane asibiti. Ga mai rago da igiya a hannu, ga yaro da kwalin 'yan tsaki, ga wata mata da ta sauko daga mota riƙe da kyanwa mai dogon gashi da shafaffen hanci, irin wadda ake kira 'yar Farisa. Kusa da ni kuma wata tsohuwa ce daga Tudun Wada, ta ɗora kwalin taliya a cinya, ta huda masa ƙofofin iska da wuƙa. A ciki wata ramammiyar kyanwa ce, irin tamu ta lungu, wadda ba ta da asali sai na bayan murhu. Na zuba ido in ga wadda za a fara girmamawa. Aka yanka wa kowacce kati, aka rubuta sunan mai ita da unguwa da shekarun dabba, aka shiga da su bi da bi. Na tambayi tsohuwar, cikin ladabi, me ya sa ta biya kuɗin keke tun daga can saboda kyanwa. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta tuna mini da hadisin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ta ce ita ce ta ajiye ta, ita za a tambaya.

Abin da ya fara kama ni shi ne yawan tambaya. Tun yaushe ta daina ci? Tana amai? Yaya kashinta, yaya fitsarinta, tana fita waje, tana kama ɓera, an fesa magani a gidan kwanan nan, akwai wata dabba da ta mutu? Ɗalibai sanye da fararen riguna suna rubutawa, malaminsu yana tsaye a gefe, in sun tsallake tambaya ya mayar da su. Sannan aka naɗe kyanwar a tawul don hankalinta ya kwanta, aka ɗora ta a sikeli, aka sa mata ma'aunin zafi ta dubura. Lafiyayyar kyanwa zafinta digiri 38 zuwa 39 ne da 'yan kai, wanda in a jikin mutum ne sai a ce zazzaɓi. Zuciyarta tana bugawa sau 140 zuwa 220 a minti, ninkin tamu ko fiye. Malamin ya ja fatar bayan wuyanta ya saki: in ta koma nan take, ruwan jiki ya wadata, in ta tsaya a tsaye kamar tanti, jiki ya bushe. Ya ɗaga leɓenta ya nuna dasashi. Na lafiya ja-ja ne mai haske, fari fat alamar ƙarancin jini ce, rawaya kuma hanta ce ke kuka ko jini ke fashewa. Ya bi cikinta da yatsu a hankali har ya taɓa ƙodoji biyun, idonsa a rufe, kamar mai lalubo tsabar kuɗi a aljihu.

Na ji yana gaya wa ɗaliban cewa kyanwa maharbiya ce, amma ita ma abin farauta ce ga wanda ya fi ta, don haka ɓoye ciwo a jininta yake. Kare in ya ji ciwo gari duka zai sani. Kyanwa sai ta shige ƙarƙashin gado ta yi shiru, ta daina lasar jikinta, ta daina hawa katanga. Ya ce wadda ta yaƙushe shi a kan tebur ba ta tayar masa da hankali, wadda ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, ita yake gudu da ita ɗakin gwaji. Na yi shekaru ina zaune da maguna, ina ɗauka shirunsu hali ne kawai.

A ɗakin gwaji na ga abin da har yau nake ba mutane labari. An ɗebi ɗan kashin kyanwar tsohuwar nan, aka dama shi da ruwan da ya ƙoshi da gishiri, aka tace a 'yar kwalba har baki, aka ɗora ɓallin gilashi a kai aka jira 'yan mintuna. Ƙwan tsutsa ya fi ruwan gishiri sauƙi, sai ya taso ya manne a gilashin. Suka sa a madubin likita, 'yar tawa ta ce in kanga ido. Na ga ƙwayaye zagaye-zagaye masu kaurin ɓawo, birjik, kamar an watsa gero a faifai. Ga ɓarawon da ke cinye abincin dabbar nan daga ciki, an kama shi da gishiri da gilashi. Gishiri kuwa ba mu rasa shi ba, mu da Mangari ke bayan ɗakinmu. Ta ƙara da cewa tsila, wadda gaɓoɓinta ke fitowa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya, ta hanyar ƙuma take shiga in kyanwa ta haɗiye shi wajen lasa, wata irin kuma ta hanyar cin ɓera. Wato mai gadin mangaza, aikin nata ne ke sa mata ciwon. Haƙƙinta a kan mai kaya shi ne maganin tsutsa duk bayan wata uku, daidai nauyinta.

Jini ma haka. Ɗigo kaɗan a siririn bututun gilashi, a juya shi a inji, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa a auna tsawonsu: kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari shi ne daidai. Wani ɗigon a shafe shi a gilashi a rina a ƙirga fararen ƙwayoyi, sojojin jiki. A nan na sami amsar wani tsohon abin da ke damuna. A Barwa sau da yawa kyanwa kan haihu, bayan cikin kwana 63 zuwa 65, 'ya'yan su yi ɓul-ɓul, suna fara yawo sai amai da gudawa su kwashe su duka cikin mako guda. Mukan ce sanyi ne, wasu su ce baki. Ashe wata ƙwayar bairos ce mai cinye fararen ƙwayoyin jini da bangon hanji, kuma tana iya yin shekara a ƙasa da rai tana jiran haihuwa ta gaba. Rigakafinta allura ce a mako takwas ko tara da haihuwa, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu, kuma allurar nan ɗaya ta haɗa da murar maguna, mai sa atishawa da kwantsa da gyambon harshe. Akwai wasu cututtukan jini biyu da ake ganowa da ɗan katin gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro. Ɗaya tana karya garkuwar jiki, muzurai ke ba juna ita wajen cizo a faɗan dare, kuma ba ta kama mutum.

Wanda ke kama mutum shi ne makero. Sun kankare gefen wani tabo a kunnen wata 'yar kyanwa suka duba, suka kuma haska shi da wata fitila a duhu, gashin ya yi kore shar. Nan da nan suka tambayi mai ita ko akwai yara a gidan masu zagayen tabo a kai ko a wuya. Akwai, har biyu. Aka ce ya kai su asibitin mutane a ranar, a yi maganin gida duka lokaci guda, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna.

A rana ta biyu wani mai shago daga Sabon Gari ya shigo da gudu da baƙin muzuru. Ya ce tun jiya yake tsugunawa yana kuka, ba abin da ke fita, ya ɗauka kashi ne ya ƙi zuwa. Malamin ya taɓa marar sau ɗaya, fuskarsa ta sauya. Mafitsara ta cika ta yi tauri kamar lemo. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, ɗan tsakuwa ko majina kan toshe ta, kuma in ba a buɗe ba, cikin kwana biyu zuwa uku gubar fitsari ta koma jini ta tsayar da zuciya. Ban taɓa ganin mutane sun yi sauri ba tare da hayaniya ba kamar ranar. Aka yi masa allurar barci, aka zura wata roba da ba ta kai tsinken tsintsiya kauri ba, aka tura ruwa a hankali, sai ga fitsari ja kamar zoɓo yana sauka a kwano. Aka rataya masa ƙarin ruwa, aka ce daga baya za a yi hoto a ga ko akwai duwatsu a mafitsarar. Mai shagon ya jingina da bango, ƙato da shi, yana share fuska da hularsa. Washegari na ga muzurun ya ɗago kai yana hararar kowa, ɗaliban suna ta murna da hararar.

Da yamma muna shan shayi a bakin titin Samaru, 'yar tawa ta bayyana mini tushen abin. Kakannin kyanwar gida magunan daji ne na busassun ƙasashe, na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Sun saba samun ruwa daga naman da suka kama, ƙishi bai cika damunsu ba, fitsarinsu mai kauri ne. Shi ya sa ƙoda da mafitsara ne raunin jinsin. Tsohuwar kyanwa in ta fara yawan sha da yawan fitsari tana ramewa, ƙoda ce ake fara zargi, a auna wani datti a jini mai suna kiriyatinin, wanda ba ya hauhawa sai wajen kashi uku cikin huɗu na aikin ƙodar ya tafi. Maganin da kowa ke iyawa shi ne faffaɗan kwanon ruwa mai tsabta, nesa da wurin abinci, a sauya kullum. Ta ce tuwo ba abincinta ba ne, dole sai nama ko kifi, domin akwai wani sinadari a nama da in ta rasa shi ido kan mutu, zuciya ta saki. Kifin ma a dafa, saboda ɗanyen wasu kifaye yana lalata bitamin ɗin da jijiyoyi ke bukata. Nonon saniya da muke zuba musu don ƙauna, yawancin manyan maguna zawo yake sa su.

A nan ne na ba ta labarin jar kyanwar Inna. Wata rana ta dawo da ƙafa a kumbure, da alama cizo ne, tana ɗingishi, jikinta da zafi. Inna ta kasa barci. Na ɗauko ƙwayar farasitamol na raba biyu, na murƙushe rabi a romon kifi na ɗura mata, ina ganin na yi taimako. Da gari ya waye fuskarta ta kumbura, tafin ƙafafunta ma haka, tana haki baki a buɗe, dasashinta ya koma launin ƙasa. Na ce ciwon ne ya yi ƙarfi, na ƙara mata sauran rabin. Kafin la'asar ta kwana biyu ta mutu.

'Yar tawa ta ajiye kofin shayinta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Kawu, ba kai kaɗai ba ne, muna ganin irinsa a nan." Ta yi mini bayani a hankali. Hantar mutum tana da hanyar sarrafa farasitamol ta fitar da shi, hantar kyanwa ba ta da isasshiyar wannan hanya, sai maganin ya rikiɗe ya zama guba. Yana ɓata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska, jinin ya koma ruwan kunun kanwa, dabbar tana numfashi amma tana shaƙewa. Ko gutsuren ƙwaya yana iya kisa. Akwai makari in an kawo ta da wuri. Kumburin ƙafar kuwa ƙurji ne na cizo, wanda a asibitinsu ake tsagawa a wanke a ba da maganin ƙwayoyin cuta, cikin 'yan kwanaki ta miƙe. A daren nan ban runtsa ba. Dabbar da tsohuwa ta ɗauko a ka daga bakin mutuwa, ta bar dukiyarta saboda ita, hannuna ne ya ƙarasa ta, kuma da tausayi na yi.

Da safe na sayi littafi na zauna na rubuta duk abin da ba a ba kyanwa. Bayan farasitamol akwai albasa da tafarnuwa, su ma jini suke fasawa. Akwai maganin ƙuma da kaska na karnuka, wanda wani irinsa ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Akwai fiya-fiya, da maganin feshin da muke ajiyewa a mangaza ɗaya da tattasai, wanda in ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. Akwai shinkafar ɓera, da ɓeran da ya ci ta ya fito yana tangaɗi, ya zama farauta mai sauƙi. Mushen kaza ma sun ce a binne shi da zurfi, suka tuna mini murar tsuntsaye ta 2006, wadda ta fara bayyana a Afirka a wata gonar kaji a Jaji, nan kusa da su, cikin watan Fabrairun shekarar kuma aka tabbatar da ita a Magarya tamu. Kyanwa tana iya ɗaukarta daga mataccen tsuntsu.

Kan ciwon haukan kare ba sa wasa ko kaɗan. Yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana ɗauka tana bayarwa. In alamu sun bayyana babu dawowa. Allurar rigakafi tun tana wata uku ce kariya, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin irin waɗannan allurai. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko barkono. Game da mai juna biyu kuma, 'yar tawa ta nanata cewa babu dalilin korar kyanwa daga gida: wani ya riƙa kwashe kashin kullum, domin ƙwayar cutar da ake tsoro a cikinsa sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama mutum, a kuma dafa nama ya nuna sosai.

Ina zaune a bencin nan ina tunanin malaman dabbobinmu na Diffa. Mutanen shanu ne da raƙuma da awaki, su ke bin garke har tsibiran tafki inda shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni ke iyo, su ke fita rigakafin kyauta na kowace shekara, kuma a yankin da dabba ce bankin talaka, daidai ne garke ya zo farko. Amma abin da na gani a Samaru ya nuna mini cewa rabin aikin kyanwa ba ya bukatar babban gini. Sikeli ne, da ma'aunin zafi, da madubin likita, da gishiri, da firijin da tuni yake riƙe da allurar shanu, da mutumin da zai tsaya ya yi tambaya goma sha kafin ya taɓa sirinji. Muna da jami'a a Diffa tun 2014. Ina fata ranar da 'yar nan ta gama ta dawo, ta tarar da tebur ko guda ne da za ta ɗora kwalin wata tsohuwa a kai.

Allurar rigakafi ba ta jure zafin mota ta kwana biyu, don haka ban ɗauko ba. Na taho da ƙwayoyin maganin tsutsa, ta rubuta mini awonsu a bayan kwali gwargwadon kilo, da littafina.

Inna tana Barwa. Tana cikin mutum kusan 6,000 da suka koma a watan Yunin 2021, kuma ba a yi wata guda ba wata toka-tokar kyanwa ta fito daga kangon maƙwabta ta zauna a ƙofarta. Na same ta bayan magariba tana lazimi, kyanwar a gefen tabarma. Na gaishe ta, na isar da gaisuwar jikarta, sannan na durƙusa na gaya mata abin da ya kashe jar kyanwarta, ban rage komai ba. Ta ci gaba da jan carbi har ta kai ƙarshe. Ta shafa, ta ce Allah ya yafe mana, ita ce ma ta riƙe mini kanta ranar. Sannan ta ce in kawo fitila in nuna mata abin da likitocin ke dubawa a baki. Na haska, ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓen kyanwar a hankali. Dasashin ja-ja ne mai haske. Ta sake ta, ta aiki yaro ya ɗauko tsohon faranti mai faɗi a bayan ɗaki, ya wanke shi da toka ya cika da ruwan randa.